Sabulun Da Ya Ƙona Hajiya

"Hajiya ta ce kada in ƙara taka ƙofar gidan nan."

Da wannan maganar ta mahaifiyarsa Kafinta ya buɗe baki, ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba. Auta tana durƙushe a rumfar bayan gida da muciya a hannu, tana juya haɗin sabulu cikin babbar roba. Ba ta ɗago ba. Haɗin ya fara kauri, sabulu kuwa in ya fara kauri ba a sakinsa ko da sama za ta faɗo. 

"Ga shi kuma ka tako," ta ce a hankali.

"Ta ƙofar baya na biyo. Ita ta gaba ta ambata."

Wasa ya so yi, sai dai muryar ba ta ɗauki wasan ba. Ya ja wani bokiti ya kifa, ya zauna a kai yana murza yatsunsa.

Shi ne ya haɗa musu akwatunan katakon da suke zuba sabulu, shi ya kafa kantar da suke shanya shi. Aikin wuni guda ne, amma bawan Allah ya yi ta dawowa yana auna bangon da ya riga ya auna, har Innar Auta ta tambaye shi ko bangon nasu girma yake ƙarawa. Daga nan magana ta ƙullu, manya suka shigo ciki, saura a tsayar da lokacin biki. Sai ga sabulu ya shiga tsakani.

"Yaya jikin nata?" Auta ta tambaya.

"Kumburin fuskar ya ragu. Wuyan ne dai, fatar ta saɓule. Ko mayafi ba ta iya yafawa, ta ce kamar ana goga mata barkono. Mai kemis ya ce ƙunar sodar sabulu ce."

Auta ta runtse ido. Ta ɗaga robar ta juye haɗin a akwati, ta bubbuga gefensa don iska ta fita, ta rufe da tsohon bargo. Duk tana jan aikin ne don kada ta dube shi.

"Auta, ki dube ni."

Ta dube shi, hawaye sun riga sun cika mata ido.

"Ranar da na zo gyara ƙafar kantar nan kina kasuwa, na ga wasu sabulai farare tas a can sama. Na ce wa Inna waɗancan sun fi kyau. Ta ce ai naki ne, can kike ɓoye naki na musamman, in sauko da su in kai wa Hajiya ta ga hannun surukarta. Ni kuma na je na zuba wa Hajiya yabonki har da ƙari, na ce ba a taɓa yin mace mai tsafta da natsuwa irinki ba. Yanzu ko ido ba na iya haɗawa da ita." Ya numfasa. "Ke kika haɗa sabulun nan?"

Ta sunkuya tana gyara bakin bargon.

"Kalma ɗaya nake nema."

"Me Inna ta ce maka?"

"Ta ce naki ne."

"To ka ji."

Ya miƙe. "Na roƙi Hajiya ta ji ta bakinki. Ta ce in kina da abin faɗa, ki je da ƙafarki bayan la'asar. Don Allah kada ki je ki tsaya mata haka kamar an dasa ki. Ki faɗi wani abu, Auta, ko mene ne."

Ya fita ta inda ya shigo.

Yanzu bari in gaya muku abin da Kafinta bai sani ba. Sabulun da ya ƙona mahaifiyarsa ba Auta ce ta haɗa shi ba, Inna ce.

Tun rasuwar mahaifin Auta, da sabulu Inna ta riƙe gidan. Da shi ta aurar da yayyen Auta, da shi ta biya mata makaranta. Duk unguwar ba wanda ya san ta da wani suna sai Inna Mai Sabulu, kuma mace tana iya wanke jaririnta da sabulun Inna ba tare da ta gwada a hannunta ba. Wannan yardar ita ce dukiyar Inna, ba ta da wata.

Sai yanar ido ta fara rufe mata gani. Ba ta gaya wa kowa ba, wataƙila ko kanta ba ta gaya wa ba. Hannunta ya san hanyar kowane bokiti da kowace muciya, amma sikeli ba ya jin hannu, ido yake so. Inna takan zuba soda, ta sunkuya ta ƙura wa allurar sikelin ido, ta gyaɗa kai kamar ta gani. Wata rana ta dace. Wata rana sodar ta kusa ninka abin da ake so, sabulun ya fito fari ƙal, ga tauri kamar dutse, kyakkyawa a ido amma wuta ce a fata.

Auta ta gano tun da wuri. Ta taɓa cewa, "Inna, kawo in auna miki," sai Inna ta juyo da fushin da Auta ba ta taɓa gani ba, ta ce tun kafin a haife ta take awon soda. Daga ranar Auta ta kama bakinta, ta koma gyara a ɓoye. Inna ta haɗa, ta yanka, ta bar wa Auta shanya da ƙullawa a leda. Duk wanda ya ɓaci sai Auta ta hayar da shi can saman kanta inda hannun Inna ba ya kaiwa, ta haɗa nata mai kyau ta maye gurbinsa. In Inna ta fita gaisuwa ko ta ɗan kishingiɗa bayan azahar, sai Auta ta sauko da ɓataccen ta goge shi, ta narka da ƙarin mai, ya koma na wanki. Da Inna ta tambaye ta me take tarawa a sama, ta ce nata ne na gwaji.

Ni dai ban wanke Auta tas ba. Tausayi ne ya sa ta, na yarda, amma ba a ajiye wuta a saman kanta a ce mata ta yi haƙuri.

Tana wanke hannu ta jiyo muryar Gwaggo daga tsakar gida. Gwaggo ƙanwar mahaifinta ce, kuma ba ta zuwa gidan nan sai da dalili. Auta ta shiga ta durƙusa ta gaishe ta.

"Lafiya lau," in ji Gwaggo, tana kaɗa mafici. "In har wannan ce lafiyar. Tun daga bakin titi ake tare ni ana tambayata. Ke kuma duk fuskokin garin nan ba ki ga wadda za ki ƙona ba sai ta uwar mijinki?"

Inna tana zaune a kan tabarma, ta haɗa kai da gwiwa. Da ta ɗago, wajen da ta ji motsin Auta ta juya.

"Auta, me na koya miki tun kina ƙarama?" Muryarta ba faɗa a ciki, kunya ce zalla. "Na ce miki mai yana yafiya, turare yana yafiya, soda ba ta yafe wa kowa. Na ce ki auna, ki sake dubawa, sannan ki zuba. Hankalinki yana ina? Soyayya ce ta ɗauke miki ido daga sikeli?"

Auta ta sunkuyar da kai. Maganar tana nan a bakin harshenta, ta haɗiye ta da ƙyar.

"Ki yi haƙuri, Inna."

"Ni na ba shi da bakina. Na ce ya kai wa uwarsa ta ga hannunki. Ina ta murna a raina, ina cewa 'yata ta fi ni iyawa." Inna ta share ido da gefen zani. "Shekara da shekaru ba a taɓa dawo mini da sabulu ba."

"To an dawo da shi yanzu," Gwaggo ta katse ta. "Ni dama tun farko ban ga abin so a wajen yaron nan ba, mutum kullum garin katako a gashin ido. Ga Mai Soda, mutum kamili, shago nasa, gida nasa, bai taɓa aure ba. Tun yaushe yake aiko mini? Jiya ma ya zo da kansa. Ya ce shi wannan abin da ya faru bai rage masa komai ba, ya ce kuskure ai na mai aiki ne. Ki ji fa, ana gudunki shi yana matsowa."

"Gwaggo, ni ba na..."

"Ba kya me? Ke yarinya ce? Sa'o'inki duk suna ɗakunansu da goyo. Ba wanda zai ɗaure ki ya kai ki, ba a yin wannan a zuri'armu. Amma ki dubi uwarki. In wancan gidan suka janye, duk unguwa za a ce an fasa aurenki saboda ƙazamin hannu, wa zai ƙara sayen sabulun gidan nan? In kuwa Mai Soda ya ɗauke ki, kowa zai ce ai shi da ya san sana'ar bai ga laifi ba. Bakin mutane ya mutu."

Auta ta dubi Inna tana jiran ta ce wani abu. Inna ta kawar da kai gefe, kuma wannan ya fi maganar Gwaggo ciwo.

Bayan la'asar ta yafa mayafi ta fita. Hanyar gidan su Kafinta ta gaban shagon Mai Soda ta bi, ba wata. Ta so ta wuce da sauri, sai ga shi tsaye a bakin ƙofa tsakanin jarkokin mai, fes da shi kamar kullum, yana goge hannu da farin ƙyalle.

"Ranki ya daɗe, ko gaisuwa babu?"

Ta tsaya ta gaishe shi daga nesa.

"Matso mana, maganar ba ta titi ba ce."

Ta matso kaɗan. Ya sassauta murya, da murmushinsa mai sanyi wanda Auta ba ta taɓa so ba.

"Na san inda za ki, kuma na san abin da za ki je ki ɗauka a kanki. Ba ke ba ce."

Auta ta ja da baya.

"Kada ki tsorata. Ni nake sayar muku da kaya, dole in lura. Sodarku tana ƙarewa da wuri, sannan ke ki dawo ke kaɗai ki sayi mai zalla. Duk wanda ya san sabulu ya san gyara ake yi. Rannan kuma Inna ta zo da kanta, na ɗora mata kaya a sikeli na ce ta duba, ta sunkuya ta ce daidai ne. Ko ɗora ma'aunin ban gama yi ba."

"Ka gaya wa wani?" in ji Auta.

"Haba, ni? Inna ai uwa ce. Asirinta asirina ne." Ya ninke ƙyallen a hankali. "Sai dai kin san mutum ya fi riƙe asirin gidansu da kyau. In na zama ɗan gida, ni zan riƙa aiko mata da soda a aune, ƙulli-ƙulli, ta zuba kawai. Ta ci gaba da sana'arta har ƙarshen ranta, ba wanda zai taɓa sani. Kafinta zai iya yi mata wannan? Shi ko bambancin soda da gishiri bai sani ba."

Bai yi mata barazana ba, ko kusa. Amma Auta ta ji kamar an zura mata igiya a wuya an ce ba za a ja ba.

"Sai anjima," ta ce.

"A gaida Hajiya da jiki," ya amsa, har yana ɗan rusunawa.

Hajiya tana kwance a ɗakinta, fanka tana kaɗawa a kanta, wuyanta da gefen fuskarta shafe da farin magani. Auta ta ƙura wa ƙunar ido. Ba ta zaci abin ya kai haka ba. A gefen gadon kuma wasu mata biyu 'yan dubiya suna zaune, irin matan nan da in suka ji magana da yamma, kafin magariba ta kai bakin famfo. Kafinta yana tsaye a bakin ƙofa.

Auta ta zube a ƙasa ta gaishe ta, hawaye suna zuba.

"Sannu, Hajiya. Allah ya ba ki lafiya. Ki yafe mini."

"Tashi zaune," in ji Hajiya. Maganar tana fita da ƙyar saboda kumburin. "Ni ba fuskata nake wa kuka ba, fuska ta riga ta tsufa. Kin san abin da ya hana ni barci? Na ware guda biyu zan aika wa 'yata ta yi wa jaririnta wanka. Na ce na amaryar ɗana ne, ai ya fi na kanti. Allah ne ya sa na ce bari in fara gwadawa."

Ɗaya daga cikin matan ta yi salati. Auta ta toshe baki da mayafi.

"Abin da nake so in ji guda ɗaya ne," Hajiya ta ci gaba. "Na san sabulun uwarki. Da shi na yi wa wannan da ke tsaye wanka tun yana goye, ko ƙaiƙayi bai taɓa yi masa ba. Uwarki ko ido ta rufe ba za ta yi wannan ɓarnar ba. Ɗana kuma ya rantse mini ke ma ba za ki yi ba. To wani ne ya sa muku hannu? Sodar ce aka sayar muku gurɓatacciya? In akwai wani abu ki faɗa, ni ba na son in zalunce ki."

Ƙofa ce Hajiya ta buɗe mata, a buɗe ƙwarai. Kafinta ya ɗan matso, idonsa yana roƙonta. Matan biyu suka gyara zama.

Auta ta tuna Inna a sunkuye gaban sikeli tana gyaɗa kai. Ta tuna yadda mata suke tsayawa a ƙofar gidansu suna cewa a ba su na Inna, na Inna kawai. In ta buɗe baki a ɗakin nan, kafin ta isa gida an gama sauke Inna daga matsayin da ta yi rayuwarta tana ginawa, kuma a bakin 'yarta.

"Ni ce, Hajiya," ta ce. "Ban duba awon da kyau ba."

Hajiya ta rufe ido na ɗan lokaci.

"To na gode da ba ki yi mini ƙarya ba. Na yafe miki ciwon jikina, Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Amma macen da hannunta zai zuba abu ba ta duba ba, sannan ta ajiye shi a kai wa mutane, ba zan iya ba ta tukunyar gidana da jikokina ba. Ki gaida uwarki, ki ce mata ba da ita nake ba." Ta nuna wata baƙar leda a ƙarƙashin kujera. "Ki tafi da sauran kayanki."

Auta ta ɗauki ledar ta fito, ba ta ganin gabanta. A zaure Kafinta ya cim mata.

"Ƙarya kika yi mata."

"Ka bar ni in wuce."

"Na sha zama ina kallonki kina awo. Kina duban sikelin nan kamar zai gudu. Ke da ba kya yarda in taɓa bokitin soda ko da safar hannu? Wa kike karewa?"

"Ba kowa."

"Auta, uwata ce. Ba zan iya tsallake maganarta ba, kin sani. Amma ki ba ni abin da zan koma ciki da shi, ko kaɗan ne. Wallahi in kika fita daga zauren nan a haka, ban san ta inda zan sake biyowa ba, ko ta gaba ko ta baya."

Kuka ya ƙwace mata. Ta jingina da bango tana sheshsheƙa.

"Kai kana da uwar da ba za ka tsallake ba," ta ce cikin kukan. "Ni ka ɗauka daga sama na faɗo?"

Ya yi tsai yana juya maganar, amma kafin ya kamo bakin zaren ta zame ta fice.

Rana ta yi sanyi sosai sa'ad da ta isa gida. Gwaggo ta tafi, ta bar saƙo cewa gobe za ta dawo jin amsa. Inna tana zaune ita kaɗai a rumfar sabulu, ba ta aikin komai.

"Me ta ce?"

"Ta ce a gaishe ki. Ta ce ba da ke take ba."

Inna ta gane. Ta yi ajiyar zuciya mai tsawo, sannan ta ji ƙarar leda.

"Mene ne wannan?"

"Ragowar sabulun ne, zan zubar."

"Kawo in ga irin ɓarnar da kika yi."

"Inna, bari kawai..."

"Na ce kawo."

Auta ta miƙa mata guda. Inna ta karɓa, ba ta kai shi kusa da ido ba, ta shafa shi da yatsu. Ta shafa sama, ta shafa gefe, sai yatsun suka tsaya. Ita Inna da zare take yankan sabulu, ta riƙe bakinsa ɗaya da haƙori ta ja ɗayan, yankan ya fito da ɗan lanƙwasa. Auta da wuƙa take yanka nata, sumul.

Inna ta sake shafa lanƙwasar. Ta ce a miƙo wani, ta shafa. Sannan ta ɗaga shi ta ɗan taɓa da ƙarshen harshenta, yadda masu sana'ar suke gwada zafin soda. Ta janye kai da sauri kamar an tsikare ta da allura.



"Wannan yankan hannuna ne," in ji Inna.

Auta ta durƙusa ta kama ƙafafunta.

"Waɗanda kike tarawa a sama, duk nawa ne?"

"Inna, don Allah..."

"Tun yaushe?"

"Tun bara."

"Wanda mutane suke saye suna yabona fa?"

Auta ta fashe da kuka. Inna ta ajiye sabulun a cinyarta, ta buɗe tafukan hannunta tana kallonsu, ko da yake Allah kaɗai ya san abin da take gani.

"Na zaunar da ke ɗazu a gaban gwaggonki ina koya miki awo," ta ce a hankali. "Kina durƙushe kina ba ni haƙuri."

"Ba komai, Inna, wallahi ba komai. Magana ta riga ta wuce. Na ce ni ce, sun yarda. A bar shi haka. Zan riƙa auna miki, ba wanda zai sani. In Mai Soda ne ma zan..."

"Rufe mini baki."

Inna ta dafa ƙasa ta miƙe. Ta lalubo mayafinta a jikin igiya ta yafa, ta ɗauki ledar sabulun, ta nufi ƙofar gida. Auta ta riga ta, ta tare hanya.

"Ina za ki?"

"Inda kika fito."

"Akwai mutane a ɗakin, Inna. In kika faɗa, gobe ba mai ƙara tsayawa a ƙofar nan neman sabulunki."

"Wanda suke nema dama ba nawa ba ne."

"Kuma ba lallai Hajiya ta janye maganarta ba. Cewa za ta yi na san abin cuta ne na ajiye a gida na yi shiru. Sai ki rasa sunanki, ni ma in rasa shi. Me muka samu?"

"Wannan tsakaninta da Allah ne. Ni dai ba zan kwana da fatar baiwar Allah da auren 'yata a wuyana ba don a ci gaba da ce mini gwana. Matsa."

Auta ta matsa, don ba ta taɓa jin muryar Inna haka ba. Inna ta miƙa hannu za ta zare sakata, hannun ya sauka a bango. Ta matsar da shi, ya sake samun bango. Da yamma idon ya fi rufewa, Auta ta daɗe da sanin haka. Inna ta tsaya da tafinta a jikin siminti, kafaɗunta suka sauko.

"Zo ki kama hannuna," ta ce. "Ba zan iya kai kaina ba."

Auta ta zare sakatar, ta kama hannun. Yana da kaushi, duk tabon soda.

Suka fito titi. Lokacin shan iska ne, mata suna zazzaune a ƙofofin gidajensu, hira ta tsaya cak. Ba a taɓa ganin an ja Inna a unguwar nan ba. Auta ta so ta saki hannun su jera kamar masu tafiya tare, Inna ta ƙara damƙe shi.

Maƙwabciyarsu ta ɗaga murya daga kan tabarmarta.

"Inna Mai Sabulu, lafiya ake riƙe miki hannu?"

Inna ta tsaya, ta juya wajen da muryar ta fito.

"Lafiya lau," ta ce, yadda kowa zai ji. "Ido ne ya tafi. Auta, mu je."